Laifin da Kawu Penioni Ya Amsa

Naselala, Kadavu
3 ga Fabrairu, 1986

Taubashina Eparama,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kuma abincin Birisben bai ƙarasa ramar da kai ba, don hoton da ka aiko kamar sandar tura kwalekwale aka sa wa kwat. Gwaggo, mahaifiyarka, tana nan lafiya sai ciwon gwiwa. Ta zagaye gari kaf da labarin za a naɗa ka fasto ƙarshen shekara, har kaji sun ji. Ni dai na ce mata sai na gani, don na san wanda ya sha sace mini gasasshen gwaza.

To, wasa ya ƙare. Baba ba shi da lafiya. Mun kai shi asibiti a Suva, likita ya duba cikinsa ya ce mu dawo da shi gida ya huta. Ka san ma'anar wannan hutun. Kawunka Penioni da ke ɗaga kwalekwale shi kaɗai, yau ni ke ɗaga masa kai ya sha ruwa.

Amma ba ciwon ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Ka tuna shekarar da sarkinmu ya rasu, aka kafa sanda da ganyen kwakwa a kan duwatsun teku, aka hana kamun kifi a wurin kwana ɗari don makoki? Ka tuna Litinin ɗin da ruwa ya turo wani ƙaton kifi mushe, da kan mashin Baba soke a gefensa, mashin da ko yaro ya san zanensa? Ga shi kuwa Baba ne mai tsaron ruwan, shi ne kuma mai buga lali, gangar itacen kiran sujada. Ya tashi gaban ikilisiya ya ce shi ya yi. Aka karɓe tsaron ruwa da gangar aka ba maƙwabcinmu Ilaitia, aka hana shi Jibin Ubangiji shekara guda.

Shekara guda fa, Eparama. Yau shekara goma sha ɗaya ke nan bai miƙa hannu ga gurasar nan ba. Dattawa sun roƙe shi, fastoci uku sun roƙe shi, Inna ta mutu tana roƙonsa. Yana zuwa sujada, ya zauna bakin ƙofa, in an fito da tire sai ya sunkuyar da kai.

Fasto zai zagayo tsibirinmu Lahadin farko na Mayu. Ba na jin Baba zai ga wani zagayen bayan wannan, kuma ina tsoron ya tafi a haka. Kai ne vasunsa, ɗan ƙanwarsa, wanda ko rigar jikinsa ka ce kana so dole ya tuɓe ya ba ka. Bai taɓa ce maka a'a ba. Ga ka kuma da karatun Allah cike da kai. Ka rubuto masa, ka gaya masa Allah ya daɗe da yafe kifi ɗaya. In da hali ka zo da kanka.

Taubashiyarka,
Vilimaina

*

Birisben
23 ga Fabrairu, 1986

Vilimaina uwar surutu,

Alheri da salama su tabbata a gare ku. Lafiyata ƙalau. Sandar tura kwalekwale ta gode, ita dai tana da amfani, bakinki fa? Ki gaishe mini da Mama, ki ce ta rage hawa tudun gona da gwiwar nan.

Labarin Kawu ya girgiza ni. Na kai shi taron addu'ar ɗalibai, mun ambaci sunansa a gaban Ubangiji. Ga shafi biyu nan na haɗo, ki karanta masa a hankali lokacin da ciwon ya lafa. Na yi masa bayanin yalwar jinƙan Allah, da yadda ƙin karɓar gafara ma kan zama wani irin girman kai. Na ba wani malaminmu ya duba, ya ce rubutun ya yi kyau.

Zuwa kam da wuya. Jarrabawa na gabana, kuma waɗanda suka ɗauki nauyin karatuna ba sa son ɗalibi ya yi tafiya tsakiyar zango.

Shawara ɗaya. Ki daina maimaita masa tsohon zancen dalla-dalla, kamar yadda kika zayyano mini. Majinyaci ba ya bukatar tone-tone, a bar kaza cikin gashinta. Af, in yana maganar ranar nan, yakan ambaci wani? Ya taɓa kiran sunana a ciki? Tambaya ce kawai, don in san yadda zan yi masa addu'a.

Naki,
Eparama

*

Naselala
14 ga Maris, 1986

Eparama,

Muna gaisuwa. Gwaggo lafiya. Baba kullum ƙasa yake yi, yanzu romon kifi cokali uku ne abincinsa.

Na karanta masa shafinka biyu. Ya saurara ido rufe, da na gama sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi.

"Yaron nan ya iya wa'azi," in ji shi. "Ki ce masa ya riƙe karatunsa. Kada ya sake rubuto mini a kan wannan, kada kuma ya zo."

Raina ya ɓaci, na manta da mara lafiya nake magana. Na ce, "Haba Baba, taurin kan nan har kabari? Kifi ɗaya! Masu kisan kai ma sun tuba an karɓe su, kai wane ne?"

"Ke, rufe mini baki. Wa ya ce miki kifi ne ya hana ni? Hannuna bai jefa mashin nan ba. Na tsaya a ɗakin Allah na ɗaga hannu na yi ƙarya da sunansa. Ban janye ta ba, ba kuwa zan janye ba. To da wane bakin zan sha ƙoƙon?"

Eparama, na matsa kusa da shi. Na ce, "To wa ya jefa?" Sai ya juya fuskarsa bango. Na yi kuka, na yi lallashi, na yi barazanar kiran dattawa, ya ƙi faɗin sunan.

Kwana uku ina juya abin, kuma biri ya yi kama da mutum. Wa ya ci ribar faɗuwar Baba? Wa ke buga lali yau yana ɗaga kafaɗa? Wa ke da gida jikin namu, wanda zai iya zare mashi daga rumfa ba a gani ba? Ilaitia. Ka san suna yara ya taɓa tsamo Baba daga ruwa. Na tabbata wannan alherin ne Baba ya rama da sunansa. Shi kuwa ya zauna shekara goma sha ɗaya yana kallon abokinsa a bakin ƙofa, yana shan ƙoƙo yana lashe baki.

Ka ce in bar kaza cikin gashinta. To sai na fige ta tas. Akwai taron gari Asabar ta biyu a Afrilu, kuma ko mace ba ta magana a can, ranar za ta yi. In Ilaitia ya amsa laifinsa, ƙaryar Baba ta faɗi da kanta, ya sha ƙoƙonsa a Mayu.

Ka tambaya ko ya kira sunanka. Bai kira ba, sai abin da na faɗa maka. Kada ka ji haushin cewa kar ka zo, ciwo ne ke magana.

Vilimaina

*

Birisben
1 ga Afrilu, 1986

Vilimaina,

Ina gaishe ki, amma ba zan ce lafiyata ƙalau ba. Kafin komai: kada ki taɓa Ilaitia. Don girman Allah kada ki buɗe baki a taron nan. Ba shi ba ne. Ni ne.

Wasiƙarki ta iso ranar Alhamis kafin Ista. Washegari, Jumma'ar da muke tuna mutuwar Ubangiji, ni aka sa in zagaya da tiren ƙoƙuna a majami'ar makaranta. Na kai layi na biyu, wani tsoho ya miƙo hannu, hannun duk jijiya irin na Kawu. Na ajiye tiren a kan benci na fita. A tashar mota na tsinci kaina, da rigar hidima a jikina, mutane suna kallona.

Ga yadda aka yi. Ina da shekara goma sha tara, ina son wata yarinya a ƙauyen ƙetaren ruwa, ina so in kai wa ubanta kifin da ba wanda ya isa ya kai. Kwana sittin ba a taɓa wurin ba, kifaye sun yi ƙiba sun daina tsoron mutum. Ranar Lahadi da safe na ce cikina na ciwo. Da kowa ya nufi sujada na shiga rumfarku na ɗauki mashin, kamar yadda na saba ɗaukar komai a gidanku, don vasu ba ya tambaya. Ina cikin ruwa ina jin Kawu yana buga lali. Na soki kifin, ya fi ƙarfina, ya karya sandar ya tafi da kan mashin. Ko ƙayarsa ban kai wa kowa ba. Sandar na binne ta bayan gonar rogon Mama.

Ranar da Kawu ya tashi a majami'a ina zaune tabarma uku a bayansa. Na yunƙura zan tashi, ko dai haka nake gaya wa kaina. Ya waiwayo sau ɗaya ya dube ni, ya ɗan girgiza kai. Na koma na zauna. Bayan wata biyu shi ne ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya, yana mutumin da aka tuɓe, yana roƙon a sa sunana cikin masu tafiya makaranta.

Shekarun nan duka ina cewa kyauta ce ya ba ni, mayar da kyautar kawu kuwa rashin kunya ne. Ƙarya nake yi wa kaina. Na ɗauki sunansa kamar yadda na ɗauki mashinsa, ban tambaya ba, ban mayar ba. Na sha furta wa Allah laifin nan a ɗakina, ƙofa a rufe, inda furtawa ba ta cin komai. Ban taɓa sanin abin da ya hana shi ƙoƙon ba, domin ban taɓa son in sani ba. Sai ga ni na zauna na rubuta masa shafi biyu a kan girman kai, har na kai wa malami ya yaba. Duk lokacin da na tuna dariyar da kika ce ya yi, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ya ce kada in zo. Na gane. Ba ya son fuskata ta zama cikin abin da zai gani na ƙarshe, kuma yana da gaskiya.

Ina tsoro, Vilimaina. In maganar nan ta fita, naɗin ya tafi, Mama kuma ba za ta iya ɗaga kai a gari ba. Ko zai yiwu a yi abin a ɗaki, ke da shi da fasto kawai, a karanta wannan, a ba shi Jibin a kan gadonsa? Ki gaya mini abin da kika gani. Ki amsa da jirgin ruwa na farko.

Eparama

*

Birisben
19 ga Afrilu, 1986

Vilimaina,

Gaisuwa. Kullum sai na je akwatin wasiƙu sau biyu, babu komai. Mun ji a rediyo guguwa ta bi ta tsibirai, ban sani ba ko ita ce ta hana, ko kuwa kin karanta kin yanke ni. In kin yanke ni ban ga laifinki ba. Ina roƙon Allah ya sa kuna raye, ya sa takardata ta riga taron gari.

Ki shafe roƙon da na yi na a yi abin a ɗaki. Ko a cikin tuban nawa ma ciniki nake yi. A gaban ikilisiya Kawu ya ɗauki laifin, a gaban ikilisiya ya kamata a sauke masa. In aka yi a ɓoye, zai mutu gari na kiransa mai keta makokin sarki, ni kuma in hau bagade in yi ta wa'azi a kan kabarinsa.

Jiya na je wurin shugaban makaranta na gaya masa komai. Ya ce zai rubuta wa majalisar ikilisiya a gida, kuma kada in sa ran naɗi bana, wataƙila ma ba baɗi ba. Ya durƙusa tare da ni muka yi addu'a. Ban ji wani haske ya sauko ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma na ci abinci ya zauna a cikina, karo na farko tun Ista.

Ga takarda nan daban, da sunan ikilisiyar Naselala a bayanta. Ki ba fasto ya karanta ranar Lahadin, kafin a fito da tire. Ki fara zuwa wurin Mama ki gaya mata da bakinki, kada ta ji a tsakiyar mutane.

Eparama

*

Naselala
6 ga Mayu, 1986

Eparama,

Muna raye. Guguwa ta ɗauke rufin makaranta da rabin ayabar gari, jirgi kuma ya yi mako biyar bai leƙo mu ba. Ranar Alhamis ya zo da fasto, da wasiƙunka biyu a ɗaure tare.

Sun makara. Na riga na tashi a taron gari na nuna Ilaitia da yatsa, na kira shi ɓarawon mashi, ɓarawon ganga. Tsohon na zaune, hawaye kawai ke bin gemunsa. Ranar Jumma'a da sassafe na ɗauki saiwar yangona, wadda ake kaiwa in za a nemi gafara, na je na durƙusa a ƙofarsa. Matarsa ta ce a bar ni a rana in ji yadda take. Shi ya fito ya ɗaga ni.

Gwaggo na je wurinta kamar yadda ka ce. Ta ce ƙarya nake yi, ta ɗauki fartanya ta nufi bayan gonar rogo. Ta tona inda ka ce ka binne sandar, ta dawo ta shige ɗakinta.

Baba kuwa, da na karanta masa, ya samu ƙarfin da zai wurgo mini kofin ruwa.

"Wawan yaro! Shekara goma sha ɗaya ina ɗauke da kayan nan, saura taku biyu in kai, shi ne zai fizge? Ki ƙone takardar!"

"Ba taka ba ce, Baba. Sunan ikilisiya ne a bayanta."

"Don me kike tsammani na ce kada ya zo? Na san in ya gan ni a haka bakinsa zai buɗe. Ɗan Salanieta ne fa! Ƙanwata ta haife shi a hannuna, uban ya mutu a teku. Wa zai tsaya masa in ba ni ba?"

Na ce, "To ka tsaya masa, ga inda ya kai ku: kai ba ka sha ƙoƙo ba, shi ya kasa riƙe tire." Ban san daga ina maganar ta fito mini ba. Yinin nan duka ko romo bai karɓa ba. Asabar da hantsi ya ce in kira masa fasto, suka yi awa biyu, ni ina waje ina kankare kwakwar da ba na bukata.

Ranar Lahadi maza huɗu suka ɗauko shi a tabarma. Suka nufi bakin ƙofa da shi yadda aka saba, ya ce a'a, gaba. Fasto ya karanta takardarka daga farko har ƙarshe, Gwaggo na kuka cikin mayafi. Sai Baba ya ce a tallafe shi ya zauna. Muryar ba ta kai layin baya ba, fasto ne ke maimaitawa.

"A nan na tsaya na yi ƙarya da sunan Allah. Na ce zan ceci yaron, alhali akwai Mai Ceto, kuma ba Penioni ne sunansa ba. Na koya wa yaro ɓoye laifi. Akwai kuma wanda ya fi wannan muni. Ina zaune a bakin ƙofar can ina kallonku, ina cewa a raina duk cikinku ba mai iya abin da na yi. Na ji daɗinsa. Ku yafe mini, ina roƙon Ubangiji ya wanke ni."

Da aka kawo ƙoƙon hannunsa ya kasa riƙewa. Ilaitia ne ya taso daga cikin dattawa ya durƙusa ya kai masa baki. Ya sha, Eparama. Na ga maƙogwaronsa ya motsa. Ya koma ya kwanta yana murmushi kamar yaron da aka yi wa wanka.

Ga saƙonsa, yadda ya faɗa: "Ki ce wa yaron ban taɓa ƙin fuskarsa ba. Na yafe masa, shi ma ya yafe mini. Ki ce yanzu ya zo, kuma ya yi sauri, don ba ni ke riƙe da ranar ba."

Saura nawa. Tiren ya zo gabana bayan Baba, na dube shi na bar shi ya wuce. Ban iya ba. Inna ta mutu matan gari suna yi mata kallon matar mai keta makoki. Na tozarta tsoho a gaban gari saboda shirunka. Na roƙe ka taimako da hawaye, ka aiko mini wa'azi. Da fasto ke karanta takardarka mutane na kuka, ni ji nake da kana kusa da na fasa maka kai da taɓarya. Wanda ke da wannan a zuci ba ya shan ƙoƙon Ubangiji, wannan kam ko ban je makaranta ba na sani. Baba ya gani. Da muka dawo gida ya kama hannuna ya ce, "Kada ki yi irin shekaruna, 'yar nan, ba su da daɗi."

Don haka ka nemi izini ka taho. Dattawa suna so ka zauna gabansu da bakinka, Gwaggo na bukatarka, Baba na ƙirga jirage. Ni kuma ina so in zage ka ido da ido har in gaji, in ga ko abin zai fita daga ƙirjina. Fasto zai dawo a Agusta, kuma ina so in sha ƙoƙon nan. Na gwada, na durƙusa da wasiƙunka a hannu na gwada, amma ba na iya yafe wa takarda. Ka zo.

Vilimaina